Gwaggon da Ba Ta Karɓar “Da Sauƙi”

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, a ɗakinta na gidanmu da ke Tudun Wada. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Tun safe ake yayyafi, tsakar gida ta jiƙe sharkaf, sai a rumfar girki da bakin ɗakuna aka shimfiɗa wa mata tabarmi. Ana idar da azahar aka sallace ta, maza suka tafi da ita.

A wunin nan na ga fuskokin da ban taɓa zaton Gwaggo ta sani ba. Wata mata mai aikin shara a unguwar Kongo ta zo da ’yarta budurwa, ta dafa kafaɗarta ta ce, “Ki yi mata addu’a da kyau. Ba don Allah ya kawo ta gidanmu ba, da tuni kin zama marainiya.” Matar telan da ke bakin layinmu ko gaisuwa ba ta iya yi ba, ta zube a ƙofar ɗakin tana kuka, har sai da Inna, mahaifiyata, ta ce ta yi haƙuri, addu’a mamaci yake so. Wata ’yar’uwarmu ta nesa kuwa, da ta ɗauka ba na ji, ta raɗa wa ta kusa da ita, “Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce. Amma fa akwai bin diddigi. Ba ki isa ki yi tari a gabanta ba.”

Can sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tana dogara sanda. Bayan an yi mata gaisuwar rashi, wata ta ce, “Iya, ya ƙafar?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Ta juya ta dubi labulen ɗakin Gwaggo, ta gyara mayafi, ta ce, “A’a, bari in faɗi gaskiya, tun ba a gama rufe ta ba. Babu wani sauƙi. Jiya ko ruku’u ban iya ba.”

Mata suka fashe da dariya, wasu dariyar ta koma musu kuka. Ni ban yi dariyar ba. Idona yana ƙofar zaure, domin a lokacin ne Baba ya dawo daga maƙabarta. Ya shigo zai wuce ɗakinsa, sai na ga ya dafa bango ya tsaya, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar wanda ya yi gudu. Ya take bayan takalmansa, ƙafafun sun cika su har sun yi tozo. Na tashi da sauri na iske shi.

“Baba, lafiya?”

“Lafiya lau, Uwata. Gajiyar hanya ce.”

Sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa shi da Gwaggo ba sa kiran sunana. Ya saki bangon, ya wuce yana takawa a hankali don kada in gane. Na juya zan nufi ɗakin Gwaggo in gaya mata, har na yi taku biyu kafin in tuna.

Wannan ne ya sa na zauna nake rubutun nan. Ina tsoron nan da ’yan shekaru a riƙa tuna ta a matsayin tsohuwa mai yawan tambaya kawai, ’ya’yana su tashi ba su san me take nema da tambayar ba.

Gwaggo ba ta yi boko ba, na allo ma iyakarta abin da za ta yi sallah. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana’arta. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, ya rasu yana saurayi tun ina goye, mijinta ya bi bayansa ba da jimawa ba, sai ta dawo gida wurin ƙaninta ta zauna. Baba ya haura saba’in, gemu fari fat, ya yi aikin gwamnati har ya ajiye, yana jan sallah a masallacin layinmu in liman ba ya nan, amma a bakinta Auta ne har ta koma ga Allah.

Babban aikinta a duniya dubiya. Ta ji an ce wane ba shi da lafiya a Tudun Wada, ko Hanwa, ko cikin birni, to gobe da safe za ta dama kunun gyaɗa ta cika fulas, ta tsayar da keke. Acaɓa ne dai ba ta hawa, wai ba za ta je dubiya a koma dubanta ba. In ta shiga gida za ta yi gaisuwa kamar kowa, a ce mata lafiya lau, ta ce madalla. Sai ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta sake sabuwar tambaya.

“To, yanzu gaya mini, ya jikin?”

Takan ce, “Lafiya lau ta bakin hanya ce. In an shigo ɗaki an zauna, sai a tuɓe ta tare da takalma.”

Abin da ba ta karɓa ko kusa shi ne “da sauƙi”. Ta ce wannan ba amsa ba ce, labule ne. Ta sha ganin mutum yana shure-shuren ƙarshe ana cewa da sauƙi. In aka faɗa mata sai ta karkata kai ta ce, “Sauƙi a kan me? Ya fi jiya ne, ko ya fi wanda aka binne?” Daga nan ta shiga nata awon. Me ya ci, kuma ya zauna a cikin? Da ƙafarsa yake zagawa, ko sai an riƙe shi? Sallah a tsaye yake yi ko a zaune? In ka ce mata “da dama-dama” ta fi yarda da kai, don ta ce mai faɗin haka ya amsa cewa da saura.

Ni sai da na haihu na uku, aka yi mini aiki, na san zurfin abin. Ta tattara ta zo gidana a Hanwa ta zauna da ni. Sati biyu da sallamo ni na tashi na share ɗaki, na ce, “Gwaggo, ai na warke.”

Ta karɓe tsintsiyar. “Kin dai miƙe. Miƙewa daban, warkewa daban.”

Da ɗinki ya kame na ce, “Yanzu fa?”

“Ciwon ya warke. Ke ba ki murmure ba. Dubi wuyanki kamar na kazar da ta tashi daga kwanci.”

Wata safiya na tashi na ji jikina sakayau, kamar an sauke mini tulu daga ka, idona ya yi wasai. Na gaya mata da murna. Ta ce to an kama hanya. Na ce, “Don Allah Gwaggo, sai yaushe za ki ce na samu lafiya?”

Ta ce, “Ranar da kika wuni ba ki tuna da cikinki ba. Mai lafiya bai san yana da kai ba, Uwata, sai ya sara masa.”

Kusan wata biyu bayan nan ta gan ni na sunkuya na ɗauki bokiti cike da ruwa ina waƙa, ban dafa ko’ina ba. Ta ce, “Yauwa. Yau kin yi garau.” Washegari ta ɗaure kayanta ta koma Tudun Wada. Na roƙe ta ta ƙara kwana biyu, ta ce masu lafiya ba su da rabo a wurinta.

Ba kullum take cin nasara ba. Ta taɓa matsa wa maigidana kan wani ɗan tari har ya ajiye aiki ya je aka yi masa hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Ya kawo mata takardar yana cika yana batsewa. Ta juya ta sama da ƙasa, ita da ba ta iya karantawa, ta ce, “Alhamdu lillahi. Yanzu na yarda da ƙalau ɗinka, yana da shaida.” Shi kansa sai da ya yi dariya.

Amma ranar matar tela ba ranar dariya ba ce. Gwaggo ta je karɓar ɗinki, ta leƙa cikin gida don su gaisa. Matar tana da tsohon ciki, tana zaune tana tsintar shinkafa. Ta ce lafiya lau. Gwaggo ta dubi fuskarta ta ga ta kumbura, yatsu sun yi suntum har zobe ya nutse, ga ta tana ta runtse ido.

“Kanki yana ciwo?”

“Kaɗan ne, Gwaggo, da sauƙi.”

“Kina ganin wasu abubuwa suna gilmawa, kamar wuta-wuta?”

Matar ta ce tun jiya.

Gwaggo ta taɓa ganin irin wannan a yawon dubiyarta, ta kuma ga inda ya ƙare. Ta fita shago ta ce wa tela ya tashi ya kai matarsa asibiti yanzu. Ya ce kumburin masu ciki ne, haka ta yi a na fari, ga shi da ɗinkin biki a gabansa, gobe sai su je. Gwaggo ta juya masa baya. Ta fita bakin titi ta tsayar da keke, ta koma ta riƙo hannun matar. A ƙofa tela ya sha gabansu, ransa a ɓace.

“Haba Gwaggo, matata ce fa.”

Ta ce, “Taka ce, ba na ja. In mun je aka ce lafiyarta ƙalau, ka tara mutanen layin nan ka zage ni, na yafe maka tun yanzu. Matsa.”

Ya matsa. Da aka auna jininta, ma’aikatan ba su bar ta ta koma ko bakin ƙofa ba. Tana kan gado jijjiga ta kama ta. Allah ya sa a hannunsu abin ya same ta, aka ciro yarinya da rai, uwar ma ta tashi. Kwana tara Gwaggo tana kai kunu. Tela ya zo har gida ya durƙusa zai ba da haƙuri, ta ce ya tashi, ɗinkinta dai take so, don har yau bai ba ta ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sallama mata ba, shi ne Baba. Sun sha taɓa gardamar sama-sama, amma wadda na gani da idona ta yi zafi ita ce lokacin da Inna ta kwanta da zazzaɓin taifot. Ƙanwar Inna ta kira daga Jos, Baba ya ɗauka a tsakar gida. Muna ji ya ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi, kada ki damu.”

Gwaggo tana matsar ƙuli. Ta ɗaga murya yadda za a ji a wayar, ta ce, “Babu sauƙi! Kwana uku ke nan ko ruwa ba ya zama a cikinta!”

Baba ya kashe wayar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Yaya, wannan rashin godiya ne. Bawa ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bawa. Fata nagari lamiri ne. In na ce da sauƙi, sauƙin nake roƙo.”

Ta goge hannu a zane. “Auta, ni ban yi karatunka ba. Amma Allah ya san halin da take ciki, ba shi kake ɓoye wa ba. ’Yar’uwarta ce ba ta sani ba. Ka ce alhamdu lillahi, sannan ka faɗi gaskiya. Baki ɗaya ya ishe su su biyu.”

“Sai in tayar mata da hankali tana can nesa?”

“Hankalin nata ne. Ka bar ta ta zaɓi abin da za ta yi da shi.”

Baba mutum ne da ba ya barin gardama sai ya kawo hujja ta ƙarshe. Ran nan sai kawai ya ɗauki butarsa ya fita. Mako guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Duk da haka kullum da rana sai ta aika masa da ƙulinsa mai zafi, na farkon kasko, shi kuma yana ci. Ƙanwar Inna kuwa ta iso washegarin wayar ta yi jinyar yayarta har ta tashi.

Da nata ciwon ya zo, ciwon ciki ne da ya riƙa cin ta a hankali, Gwaggo ba ta canza ba. In ka ce ya jiki, sai ta ce, “Yau na fi jiya wahala,” ko ta ce, “Yau da ɗan rangwame, na sha rabin kofi.” Masu dubiya sukan rasa inda za su sa ido. Wata ta ce, “Kai Gwaggo, ai kin warware, ga fuska ta yi kyau.” Ta ce, “Na gode. Ki roƙa mini cikawa da imani, ita ce a gabana.” Saboda ba ta ɓoye ba, babu wanda mutuwarta ta zo wa bagatatan. Na Kaduna sun zo, na Kano sun zo, kowa ta nemi gafararsa, kowa ya nemi tata.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwar, ina shafa mata mai a hannu ta ce, “Uwata, ni tawa a fili take. Ki riƙa duban babanki.” Na ce to. Na ɗauka wasiyya ce irin wadda kowane babba yake bari.

A kwanakin zaman makoki sai na koma ba na jin rabin abin da masu gaisuwa suke faɗa. Baba nake kallo. Na lura tuwon da ake kai masa yana dawowa an ɗan taɓa gefe. Na lura in an shafa fatiha a ƙofar gida, maza sun miƙe, shi sai ya bari kowa ya juya baya kafin ya yunƙura. Liman ya yi tafiya ranar Asabar, aka ce Baba ya ja sallah, ya ce mura ta kama masa murya, ya tura wani. Ran Lahadi da hantsi na wuce ta tagar ɗakinsa na hango shi yana walaha a zaune a bakin gado. Mutumin da ko da zazzaɓi ban taɓa ganin ya yi sallah a zaune ba.

Na sami Inna a madafi. Na ce, “Inna, tun yaushe ƙafar Baba take haka?”

Ta ci gaba da juya miya. “Ya ce sanyin damina ne.”

“Ke kin yarda?”

Sai da ta rufe tukunyar ta ce, “Filo uku yake tarawa yanzu, ba ya iya kwanciya sosai. Na yi magana, ya ce in bar shi da jinyar Yaya tukuna. Kin san halin babanki. Ita kaɗai ce take iya sa shi a kwana, ga shi ta tafi.”

Na kira yayana da ke Kaduna, ya ce shi ma ya tambaye shi, ya ce masa ras yake. Na ce, “Ka ga ƙafarsa?” Ya ce babbar riga ta rufe. Abinci ya daina shigar mini. In waya ta yi ƙara sai in zabura, alhali ina cikin gidan, Baba yana zaure. A gidanmu ’ya ba ta titsiye uba. Ko ido ba ma haɗawa da shi in yana magana. Na yi ta shirya kalmomi ina rushewa.

Washegarin addu’ar bakwai, ranar da zan koma Hanwa, na karɓi kokonsa daga hannun Inna na kai masa da kaina. Na yi sallama, na ajiye, na gaishe shi. Ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, a gaida maigidan da yara. Nan ya kamata in tashi. Sai na zame na zauna a ƙasa sosai.

“Baba, ka gafarce ni. Ina so ka gaya mini yadda jikinka yake.”

“Na ce miki lafiya lau.”

“Na ji. Amma na ga kana sallah a zaune.”

Ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Na jira tsawa. Sai numfashinsa kawai nake ji yana fita da ɗan sauti kamar ana jan zare.

Can ya ce, “Kin san ɗan Yaya da ya rasu?”

Na ce labarinsa kawai na sani.

“A Kaduna yake aiki, ya kwanta a asibiti. Lokacin babu waya a hannun kowa. Yaya tana jinyar mahaifiyarmu, sai aka tura ni in dubo shi. Na same shi ya ƙare, Uwata. Duk mai ido ya san ya ƙare. Ya riƙe hannuna ya ce, ‘Kawu, ina Innata?’ Na ce tana tafe.” Ya tsaya ya huta. “Na dawo ranar Talata. Ta tare ni a zauren can, ko mayafi babu. Ta ce, ‘Auta, ya jikin nasa?’ Na dubi fuskarta na kasa. Na ce da sauƙi. Ta ce alhamdu lillahi, to bari ta bari sai Jumma’a, in tsohuwa ta ɗan ji dama, sai ta je. Ranar Alhamis aka aiko ya rasu.”

Ban san hawaye suna zubo mini ba sai da suka ɗiga a hannuna.

“Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ko mahaifiyarki ba ta sani ba. Sau ɗaya ta ce mini, ‘Auta, da ka faɗa mini.’ Shi ke nan. Shekara arba’in ina ja da ita a kan maganar nan, ina kawo mata hujja. In na yarda ta yi gaskiya, to na yarda ni na hana ta ganin ɗanta.” Ya share fuska da hannun riga. “Ran da ta nemi gafarar kowa, ni ma na nemi tata. Ta ce ta yafe tun ran nan. Ta ce amma kada in yi wa ’ya’yana irinta.”

Ya janye bakin wandonsa sama da kansa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, fatar tana sheƙi. Ya danna yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba.

“Wata uku ke nan. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Daga nan zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Tsoro nake ji, Uwata. Ga shi na faɗa.”

Ban koma Hanwa ran nan ba. Na kira maigidana ya zo da mota muka kai shi asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa’ar ƙanwata ba, amma Baba ya zauna ya lissafa mata komai bai rage ba, har da abin da ni bai gaya mini ba. Ta daɗe da abin awo a ƙirjinsa, ina kallon goshinta yana tattarewa. Aka yi hoto, aka ɗebi jini. Ta ce zuciyar ce ta yi rauni, ruwa ya taru. Ta ce ba irin ciwon da ake warkewa sumul ba ne, lallaɓa shi ake yi, kuma da an zo da wuri da ya fi. Na ce yanzu fa? Ta ce za su riƙe shi su janye ruwan, kwanakin farko su ne abin dubawa, ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta sani ba.

Na fito baranda na zauna a benci. Ruwa ya sake tsinkewa. Sai waya ta yi ƙara. Autanmu ne, yana Legas, bai fi wata biyu da samun aiki ba, hutun da ya ɗauka na rasuwar Gwaggo ma da ƙyar aka ba shi, shekaranjiya ya koma. Matarsa kuma tana da ƙaramin ciki mai laulayi.

“Yaya, Inna ta ce kun je asibiti. Ya jikin Baba?”

Wallahi sai da kalmar nan ta zo mini har bakin leɓe. Na ji daɗinta, na ji yadda za ta sauke masa nauyi, ya koma bakin aikinsa da kwanciyar rai. A nan na fahimci Baba a zauren can, na kuma daina ganin laifinsa. Ba mugunta ke sa a faɗe ta ba, tausayi ne.

Na haɗiye. Na ce, “Alhamdu lillahi a kowane hali. Zuciyarsa ce, an kwantar da shi. Likita ta ce ba ta san yadda kwanakin nan za su kasance ba. Ni dai in ni ce kai, zan taho.”

Ya ce, “Ko da za su kore ni?”

Na ce, “Wannan kai za ka auna. Ni na gaya maka abin da na gani.”

Washegari da la’asar ya shigo ɗakin da jakarsa a kafaɗa, idanu jawur saboda hanya. Baba yana jingine, da robar iska a hanci. Ya dube shi, ya dube ni, bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa hannu, ƙanin nawa ya durƙusa ya riƙe.

Yau kwana biyar ke nan. Kumburin ya sauka zuwa idon sawu, jiya ya sha koko ya zauna, amma har yanzu sai an riƙe shi yake zagawa, likita kuma ba ta ce komai game da sallama ba. Iyakar abin da na sani ke nan, shi nake gaya wa duk wanda ya kira.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta taka ƙafarta zuwa ɗakunan marasa lafiya da yawa don neman yardarka, ka yalwata mata nata ɗakin, ka haskaka shi, ka haɗa ta da ɗanta. Ƙaninta kuma da ta bar mana, ka tashi kafaɗunsa. Amin.